Baba zai cika shekara 60: yadda za ku kai shi gidan sitek a Abuja ya ci ya ƙoshi

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. Mahaifinsu zai cika shekara 60 a watan gobe, kuma a lokacin ne zai ajiye aikin gwamnatin tarayya, tunda ƙa'idar aikin ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ita da ƙannenta sun haɗa kuɗi suna so su kai shi cin abincin dare a ɗaya daga cikin gidajen sitek na Abuja, wato gidajen da ke gasa yankan naman sa mai kauri irin na Turawa, su 12 har da mahaifiyarsu da surukai biyu da jikoki. Baban mutumin tsire da balangu ne, in ya ga ja a jikin nama ba ya kai shi baki, kuma yana shan maganin hawan jini. Tana so ta san me za su ce a kawo, kuma jan ruwan da ke fita daga naman jini ne ko kuwa.

Ƙanwata, Allah Ya yi muku albarka, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. A gidan fawa na taso, gashin nama a kicin ɗin gidajen abinci na garin nan kuma shi ne sana'ata, don haka abin da nake gani daga bakin wuta shi zan gaya miki.

Ga abin da nake jiye muku. A ajiye wa dattijo faranti, ya sa wuƙa, jan ruwa ya biyo bakin wuƙar ya gangara ƙarƙashin dankali. Ba zai ce uffan ba, don ba ya so ya kunyata 'ya'yansa a gaban mutane. Sai ya tsinci dankalin da ruwan bai taɓa ba, ya kurɓi lemo, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Farantin ya dawo mana kicin kusan yadda ya fita, shi kuma yana isa gida ya ce a dama masa fura. Na sha ganin haka, kuma yana yi mini ciwo, domin da an yi magana da kicin kafin a ɗora naman a wuta, da ba a kai ga nan ba.

Jan ruwan nan ba jini ba ne. Idan aka yanka saniya yanka na ƙwarai, aka yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya, jinin yana tsiyayewa tun a kwata. Tsokar nama kuwa kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, kuma a cikinta akwai wani sinadari da ake kira mayoglobin, wanda aikinsa shi ne ajiye iskar da tsoka ke bukata lokacin da dabba ke motsi. Shi ne mai ba nama launin ja. Ƙirjin kaza ba shi da shi sosai, shi ya sa yake fari. Bijimin da ya sha tafiya yana da shi da yawa, shi ya sa namansa ke yin ja har ya doshi baƙi. Idan zafi ya ratsa naman, sinadarin yakan juya ya koma ruwan ƙasa. Ki lura ma, jini in ya zuba a faranti daskarewa yake yi ya yi gudaji, wannan ruwan kuwa yana nan tsararo. Ta fuskar addini, abin da aya ta 145 a Suratul An'am ta haramta shi ne jinin da ya kwarara, kuma malaman fiƙihu ba su haramta ɗan abin da ya saura a jikin nama bayan an yi yanka ba. To amma kada ki ɗauki wannan bayani ki je ki tsare Baba da shi a kan tebur. Mutumin da ya shekara 60 yana cin nama gasasshe har ciki, ba a daren bikinsa za a sauya masa baki ba. Ki riƙe bayanin don kwanciyar hankalinki da na ƙannenki, shi kuma a gasa masa yadda yake so.

Wetan da ke kula da teburinku zai tambayi kowa yadda yake son gashinsa. Mu a kicin da ma'aunin zafi muke gane wannan, muna soka shi a tsakiyar naman. Wanda suke kira reya, cikinsa bai wuce digiri 52 na Salshiyas ba, ja ne jawur. Midiyom reya yana tsakanin 54 da 57. Midiyom yana kaiwa 60 zuwa 63, tsakiyarsa ruwan hoda. Midiyom wel kamar 65 zuwa 68, saura ɗan ɗigon launi a can tsakiya. Weldon ya haura 70, babu ja ko kaɗan. Ga Baba, ki ce weldon kai tsaye, kuma kada ki bari wani ya sa ki ji kamar kin yi ƙauyanci. Ga sauran manya masu son su gwada, ina ba da shawarar kada a sauka ƙasa da midiyom. Hukumar noma ta Amurka ma digiri 63 ta ajiye a matsayin mafi ƙarancin zafin da ya kamata yankan nama ya kai, sannan a bar shi ya huta minti 3. Dalilina na nan gida shi ne tsutsar ciki da ake ɗauka daga naman shanu. Ƙwayoyin cuta irin na bakteriya a bayan nama suke zama, wuta na taɓa su sun mutu, amma 'ya'yan tsutsar nan a cikin tsokar suke, kuma ba kowace dabba ce likitan dabbobi ke dubawa kafin ta shiga kasuwa ba. Mai juna biyu a cikinku ta ci wanda ya gasu sarai. Jikoki kuma in sun ce sai baga, wato niƙaƙƙen nama a tsakiyar burodi, a gasa musu har ciki, digiri 71, domin niƙaƙƙen nama abin da ke bayansa ya riga ya cakuɗa da cikinsa. Idan aka kawo nama kuka ga bai kai yadda kuke so ba, ku mayar a ƙara masa wuta. Haƙƙinku ne, kuma babu kukun kirki da zai ji haushi.

Yanzu sai zaɓen yanka, kuma a nan ne yawancin iyalai ke asarar kuɗi. Ɗa mai son burge mahaifinsa yakan duba takarda ya nuna mafi tsada, wato filet, abin da mahautanmu ke kira tantaƙwashi, sannan ya ce a yi weldon. Tantaƙwashi tsoka ce doguwa da ke kwance a ƙarƙashin ƙashin baya ta ciki, kusa da ƙoda. Ba ta aiki sosai a jikin saniya, shi ya sa ta fi kowace tsoka laushi, kuma 'yar kaɗan ce, shi ya sa take da tsada. Sai dai ba ta da kitse. In ta daɗe a wuta ruwanta ya tsane, ba abin da zai maye gurbinsa, sai ta bushe ta yi gari-gari a baki. Kun biya kuɗin laushi, wuta ta cinye shi.

Wanda ya dace da mai son gashi har ciki shi ne ribayi. Daga saman haƙarƙari ake yanko shi, tsakanin na 6 da na 12, kuma kitse ya ratsa tsokarsa, ga wani dunƙulen kitse a tsakiya. Yayin da wuta ke aiki kitsen yana narkewa yana jiƙa naman, don haka ko an kai shi weldon yana nan da maiƙo da ɗanɗano. Mai son balangu da ɗan kitse-kitse zai gane shi tun a lomar farko. Saloyin yana bayansa a gadon baya, kitsensa a gefe ɗaya yake kamar ɗamara, ya fi ribayi tauri kaɗan, ya fi shi sauƙin kuɗi. Tibon yana da ƙashi a tsakiya, saloyin a gefe ɗaya, tantaƙwashi a ɗaya gefen, kuma gefen tantaƙwashin yakan riga nuna, don haka ban cika son sa ga mai weldon ba. Tomahok kuwa ribayi ne da aka bar masa dogon ƙashin haƙarƙarinsa, yakan kai kilo ɗaya ko fiye, yana da kyau a hoto, amma ku sani har ƙashin ake auna muku.

Ki kuma yi tunanin haƙoran Baba. Ba kowane dattijo ne zai faɗa wa 'ya'yansa cewa turamensa sun fara motsi ba, amma Mama ta sani, ki tambaye ta a gefe. In akwai wannan matsala, ki bar maganar sitek gaba ɗaya ki duba ko suna da haƙarƙarin sa ko jelar sa da aka dafa a hankali na sa'o'i. Jijiyar da ke sa irin waɗannan sassa tauri, in ta daɗe a kan wuta maras ƙarfi narkewa take yi ta koma danƙo, sai nama ya riƙa saɓulowa daga ƙashi da cokali. In kuka dace da gidan da ke gasa tozo, to kun gama. Mutanen Brazil, waɗanda yawancin shanunsu masu tozo ne irin namu, suna gasa shi a hankali a gidajen namansu suna alfahari da shi, mu kuwa da muka gaji cinsa ba kasafai muke sa shi a takardar abinci ba, abin da ni dai nake ganin kuskure ne.

Akwai abin da ya kamata ki sani game da shanunmu. Bunaji da Bokolo da Rahaji shanun kiwo ne, ciyawa suke ci, suna tafiya mai nisa, kuma galibi sai sun manyanta ake kai su kara. Namansu yana da ɗanɗano mai ƙarfi, amma tsokar a murɗe take, kitsen cikinta kaɗan ne, ba kamar Angus na Sikotilan ko Wagyu na Japan ba. Ƙari a kan haka, mu mun saba a yanka da asuba a kwatar Karu ko ta Deidei, a sayar kafin azahar, a dafa a ranar. Ga miya da farfesu wannan daidai ne. Ga sitek kuwa naman ranar shi ne mafi tauri, domin bayan yanka tsoka takan sandare. Sai an ajiye shi a ɗakin sanyi, digiri 1 zuwa 3, na mako biyu zuwa huɗu, sinadaran cikin naman da kansu su sassauta shi. Wannan yana bukatar wuta dare da rana ba yankewa, kuma a garin nan kin san ma'anar haka: janareta da dizal. Wani kaso na tsadar sitek daga nan yake. Gidan da ba ya iya wannan ajiya yakan jiƙa nama da ruwan gwanda ko na abarba don ya yi laushi, kuma in aka zarce, bayan naman yakan yi laɓo-laɓo, cikinsa na nan da tauri. Saboda haka ki tambaye su kwana nawa suke ajiye namansu. Wanda ya san aikinsa zai amsa miki nan take, har da jin daɗin an tambaye shi.

Ki tambayi kuma inda naman ya fito. Naman shanu yana cikin jerin kayan da hukumar Kwastam ta Najeriya ta hana shigowa da su, don haka in kin ga an rubuta cewa na waje ne, kina da dalilin neman ƙarin bayani: wa ya yanka, yaya aka yanka, ta wace hanya ya iso da sanyinsa. Ni na fi natsuwa da bijimin gida da aka yi wa kiwon turke ya yi ƙiba, Musulmi ya yanka, aka ajiye shi yadda ya kamata.

Maganar halal ba ta tsaya a yanka ba, kuma wannan shi ne abin da masu zuwa cin abinci ba sa gani daga tebur. A girkin Turawa, miyar da ake zuba wa sitek sau da yawa da barasa ake haɗa ta. Ta masoro akan zuba mata burandi, baƙar nan mai kauri akan yi ta da jan giyar inabi, ta naman kaza mai tsirowa, wato mashurum, ma wani lokaci da farar giya. Akwai masu naɗe filet da siririn yankan naman alade don ya ba shi maiƙo, akwai masu barbaɗa shi a kan salak ko dankali. Akwai kuma gidan da ke gasa haƙarƙarin alade a kan ƙarfen da yake gasa naman sa. Gidaje da yawa a Abuja sun san masu zuwa musu, sun daina duk wannan, amma kada ki ɗauka, ki tambaya. Na taɓa aiki a wani wuri da wani iyali suka gano akwai giya a miya bayan an riga an kwarara ta a kan nama. Gaba ɗaya teburin ya tashi, kuma laifin gidan ne da bai rubuta ba. Ki je da kanki kwana biyu ko uku kafin ranar, da rana lokacin da ba cunkoso, ki ce kina son ganin manaja ko babban kuku. Ki yi tambayoyin nan ido da ido, ki ce duk miya a kawo ta a ɗan kwano daban. Ki kuma roƙi izinin zuwa da yajin da Baba ya saba ci. Yawanci ba sa hanawa, kuma yajin ƙuli a kan ribayi mai zafi ya fi yawancin miyar da ke takardarsu dacewa da bakinmu.

Tunda ku 12 ne, kada ku bari sai kun zauna kowa ya ɗauki takarda yana juyawa. Wurin gashi yana da iyaka, weldon yana cin lokaci fiye da sauran, sai ka ga wasu sun gama ci, mai bikin bai samu nasa ba. Ku zaɓi abincin tun a ziyarar nan ta farko. Shawarata ita ce a yi wa Baba da Mama nasu na musamman, sauran kuma a ɗauki manyan yanka uku ko huɗu a gasa, a yayyanka a kicin, a jera a tsakiyar tebur da kaza ko kifi saboda wanda ba ya son jan nama. Ya fi araha, ba a barin saura da yawa, kuma ya fi kama da yadda muke ci a gida, hannu na bin hannu. Nauyin da aka rubuta a takarda na ɗanyen nama ne, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yana tafiya a wuta, don haka ki lissafa kamar giram 250 ga kowane babba. Abin haɗawa ku ɗauki dankalin Turawa, dakakke ko soyayye, da ganye. Yawancin dankalin da latas ɗin daga Filato suke saukowa, Bokkos da Mangu da kewayen Jos, kuma suna isowa da ɗanyantakarsu. Ki sa a ƙara shinkafa faranti biyu, domin akwai wanda in bai ga shinkafa ba bai ci abinci ba.

Na Baba ma ki ce a yanka masa shi tun daga kicin, a gicciye, ba a bin tsawon zaren naman ba. Tsarin Turawa shi ne wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu, a kai loma da hagu. Dattijon Musulmi ba zai ci da hagu ba, kuma ba ya so a ga yana kokawa da wuƙa. In an kawo a yanke, sai ya ɗauki cokalinsa da dama, ko ya wanke hannu ya ci abinsa.

Game da hawan jini, dare ɗaya ba zai rusa abin da magani ke ginawa ba, in an kula da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, mu kuwa hannunmu yana da nauyi a kan sitek, ga bota mai gishiri da muke ɗorawa a ƙarshe, ga miya. Ki ce a rage a nasa, a bar botar. Yanka mai giram 250 zuwa 300 ya ishe shi. Ya sha maganinsa a kan lokaci kamar kullum. In kuma likita ya taɓa hana shi jan nama saboda ciwon gaɓoɓi ko ƙoda, to maganar likita ce a gaba, a gasa masa kifi.

Kada ku yi masa bazata. Ku gaya masa tun da wuri, ku ji ra'ayinsa, domin akwai iyayen da ba sa son a kira abin bikin ranar haihuwa, amma suna murna da walimar godiya ga Allah a kan tsawon rai da gama aiki lafiya. In haka yake so, haka za a kira shi, a buɗe da addu'a, a bar kyandir. Ki kuma ja kunnen manaja kada ma'aikata su fito da tartsatsin wuta suna tafi suna waƙa a kansa, sai in kin tabbata irin abin da ke sa shi dariya ne. In za ku zo da kek daga waje, ki tambaya ko suna cajin kuɗin yankawa.

Ku kama tebur bayan isha'i, ko ku yi magariba a kusa ku shiga, ku tabbatar akwai wurin alwala da salla. Daren Juma'a da na Asabar gidajen Wuse 2 da Maitama sukan cika da kiɗa, wasu har da hayaƙin shisha, dattijo ba zai ji abin da jikarsa ke faɗa masa ba. Tsakiyar mako ko Lahadi da rana ya fi. In daga Kubwa ko Lugbe ko Nyanya za ku taso, ku sa cunkoson yamma a lissafi. Ki nemi keɓaɓɓen ɗaki ko lungu nesa da lasifika da wurin sayar da barasa, kuma in damina ce kada ki yarda da teburin waje. Wajen zama ki tuna da kunya: surukai ba za su iya sakin jiki su ci nama suna fuskantar Baba ba, shi ma ba zai sake ba. Ki sa su a can ƙarshen tebur, jikoki da Mama a kusa da shi. Bayan an ci, kowane ɗa ya faɗi abu ɗaya da Baba ya yi masa wanda bai manta ba, a taƙaice, daga babba zuwa auta.

Kuɗi kuma, abin da ke rubuce a takardar abinci ba shi ne ƙarshe ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, gidaje da yawa suna ɗora kuɗin hidima, ga ruwa da lemo waɗanda su ne ke kumbura lissafi ba a ankara ba. Ki ce a rubuta miki jimillar komai tun a ziyarar farko, ki biya wani kaso a ranar. Sauran ki tashi ki je wurin mai karɓar kuɗi ki biya kafin a gama cin kek, ki riƙe kati na biyu ko tsabar kuɗi saboda ranar da netwok ya ƙi. Ki gaya wa weta tun farko kada takardar kuɗi ta zo kan tebur, domin in Baba ya ga adadin, zai kwana yana lissafa buhun shinkafa nawa ke nan. Abin da ya rage na nama ku ce a ƙunshe muku, yana shiga firji cikin awa biyu, gobe a yayyanka shi a soya da albasa da attaruhu a ci da safe.